Goyon Baffa a Kan Jan Babur

Ban taɓa jin haushin ƙarfe ba irin yadda na ji haushin jan babur ɗin taubashina. Ƙarfe fa, abin da ba shi da rai, bai zage ni ba, bai taka ni ba. Amma wallahi akwai watannin da ko ido na rufe shi nake gani.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa musu da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya, ce. Garin Gombe ya rikice. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya fara tambayar farashin mota, masinja ma ya rataya rediyo a kafaɗa yana yawo da ita. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare, ina da 'yar roba-robata, irin ƙaramin babur ɗin nan mai farar roba a gaba tana kare ƙafa, wanda ko mace da zani tana iya hawa. Shekararta uku a hannuna ba ta taɓa kunyata ni ba. Duk Lahadi nakan wanke ta da sabulu in goge ta da tsumma, ina jin ni ma wani ne, har ranar da ɗan Goggona, taubashin nawa, ya zo.

Bayan la'asar ne, muna ƙofar gidanmu a Tudun Wada. Sai muka ji wani ruri daga bakin titi kamar za a tsaga unguwar. Kaji suka watse, masu shago suka leƙo. Sai ga shi ya karyo kwana, hula a karkace, baki har kunne. Ya tsaya gabanmu, bai kashe ba sai da ya murɗa masa wuta sau uku don kowa ya shaida. Babur jawur, tanki kamar tulu, salansa biyu suna ƙyalli, taya mai kauri. Roba-robata tana jingine ƙarƙashin dogonyaro, na dube ta sai na ga kamar ta ƙara ƙanƙancewa.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana kan buzunsa yana aikin wuyan wata riga, don ɗinkin hannu ne sana'arsa. Ya soke allura, ya miƙe da ciwon gwiwarsa, ya zagaya babur ɗin yana shafa tankin. Ya kira sunan taubashina ya ce, "Kai, wannan ai jirgi ka sayo!" Ya sake kiran sunansa ya tambaye shi ko yana da birki mai kyau. Ya sake kira ya sa masa albarka. Sau uku, ina tsaye ina ƙirgawa.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce, to mene ne don kawu ya kira sunan ɗan ƙanwarsa? Ni ɗan fari ne, a gidanmu kuwa fulako, kunyar nan ta Fulani, ba abin wasa ba ne. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata, ban dawo gida ba sai da ta rasu. Baffa bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa kallon tsabar idona ba. In na durƙusa gaishe shi, allurarsa yake kallo ya amsa. In yana son in yi wani abu, bango yake gaya wa: "Ya kamata a duba rufin zauren nan kafin damina." Sai in tashi in nemo tsani. In dole ta kama sai ya ambace ni gaban mutane, ya ce "wancan", ko "mai makaranta". Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sani daban, zuciya daban.

Shi kuwa taubashina, wanda sa'ana ne, akawu a ofishin ayyuka, yana zaune a unguwar Manawashi, zai shigo ya zube kan buzun Baffa, ya jawo akushinsa ya ci, ya ce, "Kawu, miyar nan ba gishiri." Baffa ya yi ta dariya har da tari. Ni kuwa ina tsugune a bakin ƙofa kamar baƙon da ya zo cigiya. Tun muna yara nake jin kishinsa, ba zan ɓoye ba. Kuma abin haushi, a wasan taubasantaka ni ne ubangida, don ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, bawana ne. Yanzu ga bawa ya hau abin da ubangidansa bai taɓa ko zama a kai ba.

Abu guda nake da shi wanda shi ba shi da shi, shi ne goyon Juma'a.

Da gwiwar Baffa ta matsa masa, tafiya babban masallaci a ƙafa ta gagare shi. Wata Juma'a na tarar da shi a zaure ya yi wanka ya sa babbar riga, yana gaya wa bango cewa rana ta yi, ga nisa. Na fita na buga roba-roba na tsaya a ƙofar zaure. Ya fito, ya tattara rigarsa, ya zauna a baya, ya kama ƙarfen kariya na ɗora kaya da hannu biyu don kada jikinsa ya taɓa nawa. Muka je muka dawo ba wanda ya yi ko tari.

Akwai wani kwari a hanyarmu, irin waɗanda ruwa ke ci a cikin Gombe, cike da yashi. In na zo nan dole in rage gudu in sauke ƙafafu ina taimaka wa babur ɗin. Juma'a ta biyu muna cikin yashin nan sai na ji murya a ƙeyata: "An ce an ba da aji bakwai a makaranta?" Saura kaɗan in zubar da mu. Na ce, "E, Baffa, an ba ni." Ya ce, "To, a riƙe yaran mutane da amana. Kada a cika duka."

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Ashe gaskiya ne kunya a ido take. A kan babur ba ya ganin fuskata, ba na ganin tasa, ba mai jin mu, ita kuwa roba-roba ba ta da ƙara, tafiya take tik-tik-tik kamar keken ɗinki. A nan na ji yadda ya koyi aikin allura wurin wani Bakano mai zafin hannu. A nan na ji yadda ya rufe shago ya bi jama'a kallon jirgin ƙasa ranar da ya fara shigowa gari, ya dawo ya tarar akuya ta tauna masa zare. A nan ya ba ni labarin shekarar da aka haifi wani yaro, ruwa ya rushe katangar gabas, uwar yaron ta sha wuya ƙwarai, har sai da aka yi sadakar waina a masallacin unguwa. Wani yaron ni ne. Da mun isa masallaci ya sauka, sai ya koma Baffan da na sani, ya wuce ko waiwaye babu. Ni kuma na koyi jan tafiyar, in bi a hankali, in ga rami tun daga nesa in rage gudu. Duk abin da na sani game da mahaifina daga bakinsa, a kan roba-robar nan na ji shi, ba ni da wani wurin.

To ga jan babur ya shigo rayuwata. Kai, na sha wulaƙanci! Ina tafiya makaranta da safe sai in ji ruri a bayana, ya zo daidai ni ya rage, ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe ubangidana, keken ɗinkin ya gaji ne? In kawo igiya in ja ka?" Kafin in haɗa amsa ya ba shi wuta ya bar ni da hayaƙi. Nakan ɗaga murya in ce, "Ba girin-girin ba, ta yi mai!" amma wa zai ji ni? Ranar Juma'a kuwa in ya kafe shi a harabar masallaci mutane har zobe suke yi masa. Na taɓa jin Baffa yana gaya wa abokansa dattawa, da wata irin murya ta alfahari, cewa ai na ɗan ƙanwarsa ne, ya kuma faɗi sunan. Ni da na goyo shi ina gefe ina kulle roba-roba da sarƙa, ba wanda ya ce mini sannu. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Sai na fara zarya Sabon Layi, wurin shagon da ake sayar da irin baburan nan. Da farko wucewa nake kamar ina da wata sabga. Daga baya na fara tsayawa. Saura guda ɗaya, baƙi wuluk, kuma a idona ya fi jan kwarjini. Mai shagon ya gane ciwona tun zuwa na biyu. Ya ce in hau in ji. Na hau, na kama kan, na ga fuskata a jikin tanki. Ya ce akwai masu nema, amma zai ajiye mini zuwa Asabar. Abin da na samu na ariyas ba zai kai ba sai na haɗa da roba-roba, makanikena kuma har ya samo mini mai saye, wani malamin gona. Ka ji inda gizo ke saƙar. Ba dama in riƙe biyu, sai ɗaya.

Da na gaya wa maiɗakina, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ni dai ban ga inda zan ɗora ƙafa da zani a wannan abin ba. Kuma Baffa fa?"

Na ce, "Baffan ne ma zai fi kowa jin daɗi. Kin ga kujerar kuwa? Laushi kamar katifa. Kafin a ce kwabo mun isa masallaci."

Ta ce, "Uhm. Dā ma saurin isa kuke nema?"

Na yi mata tsawa na ce me ta sani game da babur. Na fice ina huci. Haushin da na ji ba nata ba ne, nawa ne, don ta taɓa inda ke mini ƙaiƙayi. Na san abin nan ƙara gare shi, na san ba ya tafiyar a hankali, na san kwarin da ke tsayar da mu shi ko a jikinsa. In na saye shi, hirar Juma'a ta ƙare. Amma sai wata zuciyar ta ce, to sai me? Hirar da ake yi maka a ƙeya kamar ana jin kunyar a gan ka? Ka sayi baƙin nan ka kafe shi a ƙofar gida, ka ga in Baffa ba zai tashi ya zagaya shi ba, ka ga in ba zai gaya wa dattawa na wane ne ba. Ni fa ba gudu nake nema ba. So nake a tashi daga kan buzu saboda ni, ko sau ɗaya.

Gombe ba a ɓoye magana. Ranar Laraba taubashina ya zo yana dariya tun daga waje. Ya ce, "Ashe ubangida ƙyashin bawansa yake? To ai da ka faɗa." Na ce ya kama gabansa. Ya zaro makulli ya kaɗa mini a fuska ya ce, "Karɓa ka ɗana daga gobe zuwa Asabar, kada ka sayi abin da zai kai ka gadon asibiti. Ni in riƙa keken ɗinkin, dā ma ina da wando da ya yage." Na so in ce ba na so. Kafin bakina ya buɗe hannuna ya riga ya karɓa.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta ya kai ni hanyar Arawa, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a can, ya koya mini kuloci, don roba-roba ba ta da shi. Sau biyar ina saki babur yana zabura yana mutuwa, shi kuwa yana riƙe da ciki yana dariya har da zama a ƙasa. A na shida ya tafi. Jama'a! Gara in faɗi gaskiya, abin nan da daɗi. Na sa giya ta uku, ta huɗu, iska ta cika mini riga, bishiyoyi suna wucewa, na ji kamar duk shekarun da na yi a duniya tafiyar hawainiya nake. Na yi ihu ni kaɗai a daji kamar mahaukaci. Da na juyo na riga na gama shawara, Asabar da sassafe ina Sabon Layi.

Sai Juma'a. Na kafe jan babur a ƙofar zaure. Baffa ya fito da babbar rigarsa, ya tsaya, ya dubi babur ɗin, ya dubi gindin dogonyaro inda roba-roba ta saba tsayawa. Ya ce wa iska, "An yi canji ne?" Na ce, "Aro ne, Baffa, ana gwadawa."

Hawan ma sai da ya zama aiki. Abin ya yi masa tsawo, gwiwar ba ta ɗaguwa. Sai da na tura shi jikin dakali ya taka dakalin sannan ya iya ƙetara ƙafa. Na ce a tattare rigar sosai, don sarƙar wannan a buɗe take, tana iya cin riga. Ya tattare ta ya cusa a cinya. Ya laluba baya yana neman ƙarfen kariya, babu, wannan ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Na buga, ya yi ruri, na saki kuloci ya ɗan zabura. Sai na ji hannuwa biyu sun damƙi kafaɗuna. Tun da na yi wayo hannun mahaifina bai taɓa sauka a jikina ba sai ranar. Yatsun ma'abocin allura ne, sirara, amma da ƙarfi.

Muka hau hanya. Ƙara ta cika kunne, iska tana kaɗawa. Muka zo kwarin nan, babur ya ratsa yashi kamar ba yashi. Raina ya ɓaci, na ce shi ke nan, ga wurin hirarmu ya wuce a banza. Muna haurawa sai na ji ɗumin numfashi a wuyana, gemunsa yana motsi a kafaɗata. Magana yake yi. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na yi maza na sassauta mai don in ji. Ƙara tana raguwa ya yi shiru. Na ɗan jira, shiru. Na sake murɗawa, ruri ya tashi, gemu ya ci gaba da motsi. Na sake sassautawa, ya sake yin shiru.

A nan na gane. Ba duk da ƙarar yake magana ba, saboda ƙarar yake yi. Ya tabbata ba na ji, shi ya sa bakinsa ya sake. Kuma ba irin guntayen maganganunsa na kan roba-roba ba ne, wannan doguwa ce, ba tsayawa, kamar wanda ya daɗe yana tara ta.

Na riƙe man a tsaka-tsaki, na kasa kunne iya ƙarfina, na ɗan karkata kai ba tare da na waiwaya ba. Iska tana yanka maganar gutsi-gutsi. Na tsinci "Allah", na tsinci "haƙuri". Sai wata babbar mota ta auduga ta sha gabanmu ta tare iskar na ɗan lokaci, a cikin wannan ɗan lokacin na ji sunana. Sunana na yanka, ba wancan ba, ba mai makaranta ba. Ya faɗe shi sarai, ya kuma maimaita, da irin lafazinsa na Fulani mai jan ƙarshen suna, yadda ban taɓa jin kowa ya faɗe shi ba. Motar ta kauce, iska ta dawo, sauran maganar ta bi ta.

Idona ya cika har titi ya yi mini dishi-dishi. Muka zo kwanar da ake karyawa zuwa masallaci, ban karya ba. Na miƙe na bi ta wajen tashar jirgi, na zagayo ta bayan kasuwa, hanyar da ta ninka tamu. Baffa ya san garin nan kamar tafin hannunsa, amma bai ce an yi ɓatan hanya ba. Ya ci gaba da maganarsa, ni kuma na ci gaba da ba shi ƙara. Ban sake tsintar komai ba. Muka isa liman ya kusa gama huɗuba, a rana muka sami sahu.

Da aka idar, taubashina ya iso kan roba-robata, gwiwoyinsa a waje kamar wanda ya hau tunkiya, yana tambayar Kawunsa yaya ya ji jirgi. Baffa ya kira sunansa ya ce abin nasa sai matasa. Na dube shi yana washe baki. Shi sunansa a bakin Baffa kamar ruwan randa ne, ya ɗiba ya sha ya zubar da saura, bai ma san ana ƙishirwarsa ba. Ban taɓa jin kishinsa kamar na wannan lokacin ba, ga shi kuma makullin babur ɗinsa ne a aljihuna.

Yinin ranar ban zauna wuri ɗaya ba. Lissafin da na yi da farko ya rushe. Dā ina ganin in na sayi babban na rasa maganar Baffa, yanzu kuma ga shi a kan babban ne ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. In na saya, kowace Juma'a zai riƙe kafaɗata ya kira sunana, ni kuwa ba zan ji ba sai in wata motar auduga ta yi mini rana. In na riƙe ƙaramar, zan ji komai, labarin zare da akuya da tsadar gero, amma ni wani yaro ne har abada. Na auna, na sake aunawa. Daga ƙarshe na ga ba zan iya zama kurma a gaban mahaifina ba, yana zuba magana ina zuba masa hayaƙi. Mutum ya tsufa, gwiwa ta tafi, ban san Juma'a nawa ta rage mana ba.

Asabar da safe na je Sabon Layi na ce wa mai shago ya sayar wa mai rabo. Ban ko kalli baƙin ba, don na san in na kalla zan yi abin kunya. Na biya wurin makanike na ce ya ba malamin gona haƙuri. Na wuce Manawashi na jefa wa taubashina makullinsa. Ya ce, "Matsoraci! Na faɗa, ubangidan nan nawa sai keken ɗinki." Na ce, "Naka ne, ka jiƙa ka sha." Na hau 'yar roba-robata na taho, tana tik-tik-tik, shi kuma ya bi ni da ruri har bakin titi don dai ya ƙular da ni. Kuma ya ƙular da ni ɗin.

Juma'ar da ta biyo baya Baffa ya fito ya ga roba-roba a ƙofar zaure. Ya hau ba tare da dakali ba. Muna shiga yashin kwari na sauke ƙafafu, sai murya ta zo: "An fasa sayen babban ne?"

Na ce, "An fasa, Baffa."

Ya ce, "An kyauta. Wancan ƙara gare shi, mutum ba ya jin komai a kai."

Da na yi shiru da na tsira. Amma ni bakina bai taɓa sanin lokacin da ake kame shi ba, ga zuciya cike, ina so ya san abin ya iso. Na ce, "Ana jin kaɗan, Baffa."

Na ji jikinsa ya sandare a bayana. Har muka isa masallaci bai ƙara cewa uffan ba, a dawowa ma haka. Juma'a uku a jere na goya dutse. Na zagi kaina ya fi a ƙirga. A ta huɗu, muna cikin yashi, ya yi gyaran murya ya ce an ce gero ya yi tsada a kasuwar Kumo. Na ce haka ake faɗi. Hira ta dawo kamar dā, guntu-guntu, da wani yaro da mai makaranta. Abu ɗaya ne ya canza, bai sake kama ƙarfen kariya ba, hannunsa na dama a kafaɗata yake ajiye shi har mu isa.

Kwaɗayi bai bar ni ba. Bayan 'yan watanni na ƙirƙiri ƙaryar cewa roba-roba tana wurin makanike, na sake aro jan babur, na sha tsiyar taubashi a kan haka, na kafe shi jikin dakali ranar Juma'a. Baffa ya fito ya dube shi. Ya koma ya zauna kan buzunsa da babbar rigarsa, ya ce wa bango, "A kawo ƙaramar. Ana jira." Ya riga ya san ana ji. Ni da bakina na rufe wannan ƙofar.

Kafin shekara ta zagayo taubashina ya sayar da jan babur ga wani mutumin Dukku ya sayi mota, ko sallama bai bari na yi da shi ba. Da na yi masa faɗa ya ce, "Kai da ka ƙi shi, me ya dame ka?" Ban gaya masa ba, har yau bai sani ba. Na ci gaba da goyon Baffa a roba-roba shekara huɗu, har Juma'ar da ya kasa fitowa zaure. Bai sake faɗin sunana ba.

Yanzu na tsufa, jikokina sun ɗauka na tsani manyan babura ne, don duk sanda wani ya wuce ƙofar gida da irin rurin nan sai in katse magana in ɗaga musu hannu su yi shiru. Su a ganinsu jira nake ƙarar ta wuce. Kunne nake kasawa.